Satin da Na Warkar da Ɓerayen Ƙanwata

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗiyar ƙanwata Rukayya ba. Ranar ce na tsaya a tsakiyar ɗaki da tiren masa a hannu, a gaban mata sun fi talatin, na ba da labarin wani aikin alheri da na yi, ina jiran a ce Allah ya yi mini albarka. Har yau ina jira.

Ni matar gida ce, a unguwar Ali Kazaure a Jos nake aure. Karatuna a sakandare ya tsaya, kuma ban taɓa jin na yi asara ba, domin a ganina abin da boko bai ba ni ba, lura ta ba ni. Ga ni da tausayi kamar me. Ni ce idan za a yanka kaza nake shigewa ɗaki in toshe kunnuwa (in an soya kuma cinya nake ɗauka, wannan wani zance ne daban).

Sai kuma maganar gishiri, wadda dole ku sani kafin ku yanke mini hukunci. Innarmu tana fama da ciwon ƙoda, hawan jini ne ya jawo mata, sau biyu a sati ake kai ta wankin ƙoda. Shekara huɗu ni nake dafa mata abinci, kuma tun ranar da likita ya ce a rage mata gishiri na ɗauki abin kamar wahayi. Na ƙwace mata maggi a ƙarƙashin filo. Na taɓa tare wata baƙuwa a bakin ƙofa na ɗanɗana dambun da ta kawo dubiya kafin in bar ta ta shiga. A gidanmu in aka ce gishiri, ni ce hukuma.

Rukayya ita ce autarmu, kuma ita ce 'yar bokon gidan. A lokacin tana digiri na biyu a jami'a, bincikenta a kan ƙoda ne. Ta sha yi mini bayanin abin da take yi, ni kuma ina gyaɗa kai kamar mai sauraron huɗuba da Larabci, ina cewa amin ban san inda aka dosa ba. Abin da na riƙe kawai shi ne tana da fararen ɓeraye ashirin da huɗu da za ta kula da su sati goma, kuma dole ta gama kafin zuwan wani babban malami da ke zuwa daga wata jami'a ya yi musu jarrabawa. Sau ɗaya yake zuwa a shekara. Wanda bai shirya ba, sai baɗi.

Ana cikin sati na takwas naƙuda ta zo mata, saura sati uku a lissafin asibiti. Aka ce sai an yi aiki. Ana tura ta a gadon nan mai taya ta kamo hannuna ta matse. Na sunkuya, hawaye na zuba, na ɗauka wasiyya za ta bari.

Ta ce, "Yaya, ɓerayena."

Na ce, "Ki yi salati, Rukayya."

"Na yi. Yaya, ki saurare ni. Farfesa ta yi tafiya, 'yan ajinmu duk sun tafi hutu. Jarka biyu ce a ɗakin. Mai jan tef ki zuba wa keji masu jan tef, mai shuɗi ki zuba wa masu shuɗi. Abincinsu yana buhu. Kada ki ƙara komai, kada ki rage komai."

Na ce, "Yara biyar na raina, ɓera ne zai gagare ni?"

Allah ya sauke ta lafiya, aka samu mace. Washegari da safe na saka hijabi na ce wa maigida zan tafi jami'a. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ikon Allah. Ɓeran gida muna bin sa da taɓarya, na jami'a kuma har 'yar aiki aka ɗaukar masa." Ban kula shi ba, na tari Keke.

Ɗakin dabbobin yana can bayan ginin sashensu, wani dattijo mai suna Baba Gyang ne ke riƙe da makulli, shi ke shara, amma ba ya taɓa dabbar kowa. Warin wajen ba zan kwatanta muku ba, wataƙila kuna cin abinci. Amma ɓerayen, wallahi ba irin namu ba ne. Farare tas, idanu ja kamar tsakiyar kankana, suna riƙe abinci da hannu biyu kamar masu tarbiyya. Na shiga ina a'uziyya, na fito ina cewa Allah sarki.

Tun ranar farko idona ya ga abin da na tabbata 'yan boko ba su gani ba. Na shuɗin keji suna ta guje-guje, suna hawa kan juna. Na jan keji kuwa sun takure, gashinsu a tsaye, ruwa suke sha kamar masu buɗa-baki, garin katakon da aka shimfiɗa musu ya jiƙe sharkaf da fitsari. Akwai wani ɗaya da ya raɓe a lungu, ko motsi ba ya son yi. Na sa masa suna Bawa. Ina kallonsa gabana ya faɗi, domin haka Inna ta riƙa zama kafin a gano ciwonta.

A rana ta biyu ina tsiyaya ruwa daga jan jarka, sai ya taɓa wani yanka da wuƙa ta yi mini a yatsa wajen yankan albasa. Zafi ya ratsa ni har ka. Ban gama mamaki ba, na ga inda ruwan ya fantsama a baƙin hijabina ya bushe ya bar fari. Na waiga, Baba Gyang yana waje. Na ɗiga a tafin hannu, na yi bismilla, na lasa. (Eh, na lasa ruwan ɓera. Daga jarka ne, ba daga bakinsu ba. Ku bar ni da abin da ke damuna.)

Gishiri. Gishiri zalla, kamar miyar amaryar da ke girki tana waya.

Na zauna a kan wani benci na fara nazari irin na masu hankali. Ko dai jarkar ce aka taɓa zuba gishiri a ciki ba a wanke ba. Ko Baba Gyang ne ya yi kuskure. Ko kuma, kuma wannan ne ya fi kwanta mini don ya fi daɗi, wani ɗan hassada ne a ajinsu ya ga yarinya za ta gama, ya lallaɓo zai kashe mata dabbobi. Mu da muka san halin mutane. Bincike a kan ƙoda, sannan a ba dabba gishiri? Ko ni da ban yi jami'a ba na san gishiri ne babban maƙiyin ƙoda. Tunanin cewa da gangan aka zuba, kuma Rukayya ce ta zuba da hannunta, bai ko leƙo ƙofar kaina ba.

Na fita na yi wa Baba Gyang tambaya irin ta 'yan sandan ciki. "Baba, ban da kai, wa ke shigowa ɗakin nan?"

Ya ce, "Madam, ba kowa. Makulli yana wajena. Kai dai ka sa ja a ja, bulu a bulu, haka yarinya ya ce. Akwai matsala?"

Na ce babu. A raina na ce, za ka sani.

Za ku ce me ya hana in kira Rukayya. Ai ni ma na yi wannan tunanin, na kuma kore shi da hujja. Mai jego ce, ga ɗinki ɗanye, kuma kowa ya san ba a kai wa mai jego mummunan labari, nono ɗaukewa yake yi. Wace irin yaya ce za ta je ta ce mata ana neman kashe mata karatu? Babbar yaya gyarawa take yi a ɓoye. Na tuna kuma abin da aka koya mana a Islamiyya na ladan shayar da dabba mai ƙishi. Na ga lada biyu a jere, ga zumunci ga shayarwa, ni kuwa ba na ganin lada a ƙasa in wuce.

Na kinkimi jan jarka na tuttular a kwata. Na wanke ta da omo sau uku. Na cika ta da ruwan famfo mai daɗi, na wanke kwalaben shansu, na zuba musu. Da na ga yadda suka kama sha, sai da na share hawaye.

Daga nan kuma hannuna ya buɗe. Washegari na biya kasuwar Farin Gada na sayo karas da kabeji, don mara lafiya yana son ganye. Bawa kuma na ga kaɗaici da zama cikin marasa lafiya na ƙara masa ciwo, na sa safar hannu na ɗauke shi na mayar da shi cikin na shuɗin keji, ya ga masu walwala ko ya samu ƙarfin gwiwa. Na ga wani jan abu a wutsiyarsa kamar jini ya bushe, na sa tsumma da ruwan ɗumi na goge masa tas.

Kafin kwana biyar, sai ga 'yan jan keji sun fara ɗagowa. Shan ruwan ya ragu, shimfiɗarsu ta bushe, har kokawa na ga biyu suna yi. Bawa kuwa ya saje da sababbin abokansa, ni kaina na kasa gane shi. Na dawo gida ina jin kaina kamar wadda ta gina asibiti. Ban gaya wa kowa ba, na ce sadakar ɓoye ta fi lada. (Gaskiyar magana, taro nake jira.)

Ranar suna gidan mijinta a Dutse Uku ya cika. Mai jego tana bakin gado an sha lalle, Inna tana kan kujera an jingina mata filo, Gwaggo Asabe, ƙanwar babanmu, wadda bakinta ba ya da linzami, tana tsakiya tana raba wa kowa aiki. Wajen la'asar sai ga wata 'yar ƙaramar mata mai tabarau da furfura, ta shigo da ledar kayan jarirai. Rukayya ta yunƙura za ta tashi, matar ta ce ta zauna. Ashe ita ce Farfesa, malamar da ke duba aikinta. Kirista ce, 'yar Anguwan Rukuba, Hausa a bakinta kamar ruwa. Ta gaida Inna har ƙasa, ta karɓi jaririya ta yi mata addu'a irin tasu, muka ce amin.

Ni na kawo mata masa. Ina sunkuyawa da tire na ji ta rage murya tana cewa, "Rukayya, ban so in ɗaga miki hankali yau ba, amma jiya da na dawo na shiga na auna jinin ɓerayenki. Abin ya ɗaure mini kai. Na ja ɗin nan, jininsu ya sauka. Suna tsalle kamar ba su taɓa ciwo ba. Kuma na ƙirga, sha ɗaya a ja, sha uku a shuɗi."

Kalma ɗaya kunnena ya ɗauka: sun warke. Farfesa guda ta rasa gane yadda aka yi, ga kuma wadda ta yi a tsaye a gabanta da tiren masa. Wani abu ya taso mini tun daga tafin ƙafa. Na miƙe, na gyara mayafi, na ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma za su amfana.

"Ai ni ce!"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ba abin mamaki ba ne, lura ce. Wani mara tsoron Allah ne ya zuba wa bayin Allahn nan gishiri a ruwa. Ni na gano, da harshena. Na zubar, na wanke jarkar, na ba su ruwa mai kyau. Ban faɗa ba ne don kada hankalin mai jego ya tashi. Boko daban, hankali daban."

Wannan jimlar ta ƙarshe, da ana sayen magana a dawo da ita, da na sayar da gadona.

Na dubi Rukayya ina jiran ta rungume ni. Bakinta a buɗe, idonta a kaina, kamar ta ga gini yana faɗowa. Farfesa ta miƙa wa ta kusa da ita jaririya, ta cire tabarau, ta ce a hankali, "Yesu."

Sannan ta ce, "Hajiya, yaushe?"

"Yau kwana shida."

"Ruwan kaɗai kika canza?"

Yadda ta yi tambayar ne ya sa na fara jin tiren ya yi nauyi. Na ce, "Sai ɗan karas."

"Karas."

"Da kabeji. Kaɗan."

"Ɗayan da ya ɓata daga ja fa?"

"Bawa ne. Na mayar da shi cikin masu lafiya, ya ɗan sake."

"To, da sauƙi, akwai lamba a wutsiyarsa da jan alƙalami."

Farfesa ta dube ni, na dubi masar da ke tire. Rukayya ta ce, "Yaya, kin goge," ba tambaya ba ce. Na ce na ɗauka jini ne.

Wallahi da matar nan ta zage ni da na fi samun sauƙi. Sai ta jawo ni ta zaunar a gefenta, ta yi mini bayani a gaban kowa, da irin muryar da ake yi wa ɗan aji ɗaya. Ta ce, "Kin san matacin koko? To a cikin ƙoda akwai 'yan jijiyoyin jini da suka fi gashin kanki sirantaka, sun dunƙule dunƙule ba iyaka, su ne matacin jiki. Idan jini ya hau, yana dukansu, suna kauri, suna toshewa, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, mutum bai sani ba. Kafin ya zo asibiti yawanci an yi nisa. Ba za mu iya yanka ƙodar mutum duk sati mu ga yadda abin ke tafiya ba. Shi ya sa muke sa wa ɓera ciwon da gangan, a ƙa'ide, mu duba ƙodarsa a madubin likita, mu gwada da ta masu lafiya. Gishirin nan, Hajiya, Rukayya ce ta auna shi da sikeli. Gishirin shi ne karatun."

Inna, wadda na ɗauka gyangyaɗi take yi, ta ce, "Wato ciwona ake koya wa ɓera?"

Farfesa ta ce, "Shi ne, Mama. Don a gane shi tun yana ƙarami, kada jikokinki su kwanta a injin da kike kwanciya."

Inna ta juyo ta dube ni, ta daɗe. Sannan ta ce wa jama'a, "Kun gani ko? Shekara huɗu ta hana ni gishiri. Da ta ga na saba, ta koma kan ɓeraye."

Gwaggo Asabe ta fashe da dariya har da buga cinya. "Likitar ɓera! A ba ta hanya, asibiti za ta!" Ɗaki ya ɗauka. Wata ma da ban taɓa gani ba ta leƙo daga tsakar gida tana tambaya wace ce ta lashi ruwan.

Ni kuwa don ƙarfin hali ban haƙura ba. Na ce, "To ai gishiri bai ƙare a kasuwa ba. Gobe sai a mayar musu."

Farfesa ta girgiza kai. "Kamar azuminku ne, Hajiya. Idan kika sha ruwa da la'asar, ba a cewa a ɗora daga nan. Sai ramuwa. Daga farko."

A nan dariyar ta mutu, don kowa ya ga Rukayya. Ba ta yi ihu ba. Ta karɓi 'yarta, ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanin goyo. Sati goma daga farko, ga jego, ga ɗinki. Malamin jarrabawa zai zo ya tafi babu ita. Shekara guda ke nan na tuttular a kwata, har da wanke jarka sau uku.

Na tashi da tirena, ban san inda zan ajiye shi ba, babu kuma wadda ta miƙo hannu. Haka na ratsa mata talatin da shi. Na shige kicin na kama wanke tukwanen da aka riga aka wanke, ban fito ba sai da na ji an fara sallama.

Kwana tara ba ta ɗauki wayata ba. A na goma na dafa farfesun kaza na tafi da kaina, na zauna a ƙasa, ni da na goya ta. Ta bar ni na gama ba da haƙurina tas, sannan ta ce, "Yaya, abu ɗaya nake so in sani. Me ya hana ki tambaye ni?"

Na ce, "Kada nononki ya ɗauke."

Ta ce, "Ai ya ɗauke. Kwana biyu muna ba ta madara."

Ta ci gaba, "Kuma kin san abin da ya fi ba ni haushi? Ba shekarar ba ce. Kina ganin ni ba na jin tausayinsu? Kullum sai na ce su yafe mini. Amma da an gama, wahalarsu ta yi amfani. Yanzu sha biyun nan sun sha ciwon sati takwas a banza, kuma sai na sa wa wasu sha biyu sababbi daga farko."

Wannan ce ta kashe ni. Dariyar Gwaggo na iya ɗauka. Amma a ce ni, mai tausayin dabbobi, ni ce na ninka yawan ɓerayen da za su sha gishiri a garin Jos, wannan ban shirya masa ba. Na yi kuka har ita ta koma ba ni haƙuri, ta kuma ci farfesun, ta ce gishiri bai ji ba.

Bayan ta yi arba'in aka kawo sababbin ɓeraye. Na ce in Allah ya yarda ni zan riƙe mata jaririya duk ranar da za ta shiga, kuma na cika alkawari, sati goma cur. Sai dai ban ƙara taka ɗakin ba. Ranar farko ina doso ƙofa Baba Gyang ya tare ta da tsintsiya, ya nuna mini benci a waje, ya ce, "Madam, oga ya ce iyakarka nan." A nan na zauna da goyo, ɗalibai suna wucewa suna gaishe ni da ladabi fiye da kima, wanda ya tabbatar mini labari ya zaga.

Ta gama a shekarar da ta biyo, lafiya lau, sai dai 'yan ajinsu sun riga ta da shekara guda, kuma ba ta taɓa goranta mini ba, wanda ya fi gori ciwo.

Abin da na koya? Mugu ko kaɗan yakan ji tsoro ya waiga, mai neman lada kuwa da gudu yake shiga, yana bismilla. Har yanzu ina da tausayi, ban fasa ba. Amma yanzu idan ya taso mini, nakan ba shi kujera in ce ya zauna tukuna, in je in tambayi mai abin.